Ƴan uwa masu injin sassaƙa ƙarfe a gida, ya kuke adana kayan aikinku?

Rikkos_Ƙarfe:
Assalamu alaikum iyayen gida. Na mayar da garejin gidanmu a Rikkos, nan Jos, wajen aiki, akwai ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe da giranda (injin goge ƙarfe) da bais (abin damƙe ƙarfe a kan tebur) da injin huda, ina yi wa masu babur da masu injin niƙa bushi da shaf. Matsalata kayan ne, komai a cikin akwatin ƙarfe ɗaya yake, sifana da alanki da bakin diril da tap (abin yanka haƙora a cikin rami don a ɗaura bolt) duk a cakuɗe, sai kaga aikin minti 10 amma neman bakin diril ɗaya ya cinye min rabin awa, ga kuma tsatsa tunda damina ta kankama. Gurin ƙarami ne kuma ba ni da kuɗin sayen durowar ƙarfe irin ta turawa. Dan Allah ya kuke yi?

Baba_Dilimi:
Wa alaikumus salam yarona. Ba ka buƙatar wata durowa mai tsada. Je kasuwar Katako ka sayo falanki da guntun katako mai kauri. Falankin ka buga shi a bango, kowane sifana da filaya da guduma ka rataya shi a ƙusarsa, sannan ka zana siffarsa da fenti a bayansa, da yamma kallo ɗaya za ka yi ka san wanda bai dawo ba, ko yaro ne ya ara ko yana ƙarƙashin inji.

Shi kuma guntun katakon ka huda masa ramuka, kowane tap ka ajiye shi gefe da bakin diril ɗin da ake huda masa rami, ka rubuta lambar a jiki. Tap M6 da bakin diril milimita 5, M8 da 6.8, M10 da 8.5, M12 da 10.2. Wannan kaɗai zai rage maka karya tap, don yawanci garin sauri ne mutum yake ɗaukar bakin da ya yi ƙanƙanta, tap ya cije a ciki ya karye, kuma ka san fitar da karyayyen tap aiki ne. Magagari kuma kar ka bari suna gogar juna a akwati, haƙoransu ne ke mutuwa.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, makullin cok, wato bakin injin da ke damƙe abin da yake juyawa. In ba ya hannunka to yana kan ƙusarsa, babu waje na uku. Ka bar shi a jikin cok ka kunna inji, fuskarka ko ƙirjinka zai nufa.

Injiniya_Bukuru:
Baba ya gama magana. Ni dai na sa dogon maganaɗisu a bango na manna su bakin diril a jiki, ba huda ba komai, gwada kaga.

Baba_Dilimi:
A'a injiniya, na sifana da sukudireba babu laifi, amma banda abin yanka. Bakin diril in ya daɗe a jikin maganaɗisu shi ma ya ɗauka, sai ɓarɓashin ƙarfe ya riƙa manne masa a baki yana ɓata rami. Kayan awo irin su baniya da maikuromita kuwa ko kusa kar su je.

Sani_Gangare:
Maganar tsatsa, garin nan namu sai a hankali, Yuli da Agusta ruwa ba ya ɗaukewa, da asuba kuma sanyi yasa ƙarfe ya yi gumi musamman in rufin kwano ne ba silin. Ka ɗaga komai daga kan siminti. Kayan awo su zauna a gidansu da suka zo da shi, ka goge gumin hannu ka shafa man keken ɗinki kaɗan, maikuromita kar ka ɗaure bakinta gam ka bar ɗan tsakani. Ƴan ƙullin nan da ake samu a kwalin takalmi ko magani masu shan danshi ka tara ka zuba a durowa. Kuma dan Allah banda baƙin mai da aka juye daga mota, datti ne a ciki.

Sai giranda, wlh ka nisanta ta da injin sassaƙa ƙarfen, ƙurarta ta haɗu da man da ke kan gadon inji cinye shi take yi a hankali, haka ma ƙurar hunturu. Ka share da buroshi ba iska ba, ka rufe da tsohon zanin gado, leda tana riƙe danshi.

Rikkos_Ƙarfe:
Allah ya saka da alheri Baba, na gode ƴan uwa. Ranar Asabar zan shiga Katako insha Allah. Girandar ce dai tana manne da injin kuma soket ɗaya ne a garejin, in na raba su da falanki a tsakani ya isa ko dole sai na ja waya na fitar da ita waje?