Abin da aka tattara kan yi wa firintar 3D akwati

'Yan uwa, tattaunawar da aka yi kan rufe firintar 3D (na'urar da ke narka zaren roba tana gina abu da shi) a cikin akwati ta yi tsawo, ga abin da na tsinta a ciki.

1. Kusan kowa ya yarda zaren roba nau'in ABS da ASA ne suka fi buƙatar akwati. Farantin da ake buga aikin a kansa yakan kai digiri 100 na Celsius, da iska mai sanyi ta bugi aikin sai gefensa ya lanƙwashe ya ɗago, wani lokaci ma ya tsage. Zafin ciki daga digiri 40 zuwa 50 ya wadatar.

2. In zaren roba nau'in PLA ne, a bar ƙofa a buɗe. Tun wajen digiri 60 yake laushi, zafi na taruwa sai ya toshe hanya kafin ya isa bakin da robar ke fitowa.

3. Allon sarrafawa da akwatin wuta a fitar da su waje, zafi na rage musu kwana.

4. Wajen kayan haɗawa aka rabu. Wasu ƙaramin teburin Lack na kamfanin kayan ɗaki IKEA da gilashin roba suka zaɓa don sauƙi, wasu sandunan alminiyom don ƙarko. Kwali da soso kuwa akasari sun ƙi su saboda gobara, kuma ni ma a nan nake, domin wannan na'ura takan kwana tana aiki.

5. Batun hayaƙi ma ba a daidaita ba. ABS na fitar da sinadari mai wari da ƙananan ƙura. Wasu sun ce matatar iska ta HEPA (mai kama ƙananan ƙura) da ta gawayi sun isa, wasu suka dage sai bututu zuwa taga, ko da yake sun amince yana janye zafin da ake tarawa.

6. Na'urar gano hayaƙi a saman akwatin, wannan babu wanda ya musa.