Waɗanda suka kai yara gidan tarihi na Yamai: me kuka ce musu da suka tambayi Dodo?

Maman Ƴan Biyu, Yantala:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa kai yara gidan tarihi na Bubu Hama, wajen manyan ƙasusuwan nan na dabbobin zamanin da. Nawa yaran suna ɗaga kai sai suka ce, "Inna, wannan ne Dodon da kaka ke faɗa?" Na ce a'a, suka ce to ina nasa ƙashin? Ni dai a ganina, da za a sassaƙa Dodo da ƴar ruwa a ware musu ɗaki, da yara sun rarrabe na tatsuniya da na gaske.

Mushen lakwal, Talaje:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ƴan ajina ma haka suke, musamman gaban ƙaton kadan nan, Sarcosuchus, wanda aka tono a Gadufawa cikin Tenere. Ya rayu wajen shekaru miliyan 110 da suka wuce. Akwai yarinyar da ta riƙe mini riga gam, ta ƙi matsawa sai da na ƙirga mata haƙoransa da yatsa daga nesa. Abin da ke kwantar musu da hankali shi ne labarin Jobaria, wata ƙatuwar dabbar zamanin da mai dogon wuya. Buzaye makiyaya na yankin Ingal sun daɗe suna ganin ƙasusuwa a fili, kuma a labaransu akwai wata halitta Jobar. Da mai bincike Paul Sereno da mutanensa suka tono dabbar, sai suka raɗa mata suna daga nan a 1999. Ina so yara su san kakanninmu ba makafi ba ne, sun ga abu da idonsu kafin masu bincike su zo da awo.

Ɗan Masunta, Gamkalle:
Mushe ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ina yaro na bi Baba cikin kwalekwale da asuba, can wajen Ayoru. Ruwa lif, sai ga hanci biyu sun ɓullo kusa da ciyawar burgu, aka yi huci kamar na mutum, abin ya nutse. Jikina ya ɗauki rawa, na ce ƴar ruwa ce. Baba ya dafa ni ya ce, "Ayu ne, yi shiru." Ciyawa yake ci, numfashi ke fito da shi sama, macen kuma nononta a hammata yake, tana shayar da ɗanta. Wanda ya hango wannan cikin duhun asuba, ba ka ce ya yi ƙarya in ya rantse ya ga mace. Yanzu doka ta hana kashe shi, kuma ya yi ƙaranci. In za a yi kwafin wani abu, don Allah a fara da ayu, da girmansa na gaskiya, don yaran Yamai da yawa ko sunansa ba su sani ba.

Ƴar Adar, Tawa:
Mu a tsaunukan Adar muna kiwo muna tsintar duwatsu masu siffar katantanwa. Kakata takan ce mu zubar, kayan mutanen ɓoye ne. Sai a lakwal na ji ashe teku ce ta taɓa rufe yankin.

Malam, Bukoki:
Hajiya, ki yi haƙuri, ban goyi bayan sassaƙen ba. Ko an ajiye maganar mutum-mutumi a addini, wadda iyaye da yawa ba za su sake da ita ba, wane Dodo za a sassaƙa? Na gidanmu gashi ne har ƙasa da wutsiya, na matata kuwa baki ne kawai mai haɗiye gari da shanunsa. Na ga kwafin raƙuman dawan Dabus, waɗanda mutanen da suka zana a jikin dutse, a filin jirgin Agadas, na alminiyom. Ya yi kyau ƙwarai, amma shi akwai na asali a jikin dutse da aka ɗauki zubinsa. Dodo a bakin tsofaffi yake. A kawo tsohuwa ta zauna a inuwa ta ce "gatanan gatananku", a naɗi muryarta tun tana da rai.

Mushen lakwal, Talaje:
Malam, zan gwada wani abu. Bayan hutu kowane ɗalibi ya je wajen kakarsa, ya zano Dodo yadda ta siffanta shi, ya rubuta sunan garinsu a ƙasa. Ƴar Adar, ko za ki aiko mana da duwatsun nan biyu ko uku ta motar Tawa? Ni zan je tasha in karɓa.