Wa ya taɓa ganin wuta ta faɗo daga sama, har ya tsinci dutsen?

Ɗan Rijiya:
Assalamu alaikum. Daren jiya bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida, sai gari ya haskaka har na ga inuwar darbejiya a ƙasa. Dunƙulen wuta ne kore-kore, ya taso daga gabas, ya rabu uku, ya mutu, ba ƙara ko kaɗan. Sai da muka gama salati muka koma kan tabarma, sannan muka ji rugugi kamar tsawa. Da asuba ni da ƙanena muka zagaye bayan gari, inda muka ga ya sauka. Ko alama babu. Don Allah wanda ya taɓa gani ya ba mu haske.

Baba na Haɗeja:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ba a bayan garinku ya sauka ba. Haka ta faru da mu a daminar 2002, ranar 21 ga Yuli, bayan magariba. Kowane ƙauye rantsuwa yake yi a bayan gonarsa abin ya faɗi. Ƙarar kuwa sau biyu muka ji ta, bayan hasken ya daɗe da ɓacewa. Daga baya aka riƙa tsintar duwatsun a wajen Kilabo da ƙauyukan kewaye, aka ce jimilla sun kai kilo 19. Na riƙe ɗaya a hannuna, bai fi ƙwan zabo ba. Bayansa baƙi wuluk kamar gindin tukunya, inda ya ɓantare kuwa fari-fari kamar siminti. Tsofaffi suka ce gatarin aradu ne, amma na san gatarin aradu, bai yi kama da shi ba.

Malamar Kimiyya:
Baba ya yi gaskiya. Wutar tana mutuwa tun dutsen yana sama da nisan wajen kilomita ashirin, sauran tafiyar a duhu yake yin ta. Ƙara kuma tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka idan kun yi minti biyu kafin ku ji, tazarar ta kai kilomita arba'in. Ka tambayi mutanen garuruwan da ke kewaye da ku ta wace fuska suka gani, inda kwatancen ya haɗu nan za a nema. Ɗalibaina sun sha kawo mini “dutsen sama”, duk kashin maƙera ne ko marmara. Na gaskiya ya fi dutsen gari nauyi, ba ya da ramuka kamar soso, kuma galibi mayen ƙarfe yana kama shi. Na ce galibi, domin irin na duniyar Mars da kyar yake ja. Wanda ya faɗo a Zagami ta Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, dab da wani manomi a gonarsa, kilo 18 ne, kuma daga Mars ya zo.

Ɗan Yobe:
Abin da har yau yake ci mini rai shi ne na Gujba, a Afrilun 1984. Ina yaro lokacin. An ƙiyasta shi da kilo 100, amma jama'a suka farfasa, kowa ya ɗauki rabonsa. Wani kawuna ya ajiye gutsurensa cikin tsumma a ƙasan akwati, yana da ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ƙyalli kamar tsaba. Wani baƙo ya zo ya saye shi da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Ashe irinsa ba su da yawa a duniya. Ɗan'uwa, idan Allah ya sa ka samu, kada ka fasa, kada ka wanke da ruwa. Ka ɗauki hotonsa a inda yake kwance, sannan ka kai sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa.

Direban Agadas:
Mu a nan hamada ba ma jiran wuta. Kana tuƙi a fili fetal mai farin tsakuwa, baƙin dutse guda tun daga nesa yake kiran ido. Na tsaya ya fi sau goma, sau ɗaya kawai mayen ƙarfe ya kama. Amma ku tuna wanda aka samu a yankinmu a Nuwamba 2023, kusan kilo 25, na Mars. An yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka fita da shi. Ranar da na ji a rediyo ban iya cin abinci ba.

Ɗan Rijiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe kasuwarmu ke ci, mutanen ƙauyuka duk za su shigo. Zan zauna rumfar mai shayi da takarda da biro, in tambayi kowa ta ina ya ga wutar. Ƙanena ya riga ya ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika.