Dala, haram ko tsororuwa: wane suna za mu ba manyan gine-ginen nan?

Mai shirin yara, Agege:
Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Ina da shirin yara da za a naɗa ranar Alhamis da safe a wani gidan rediyo a nan Legas, kuma darasin wannan mako a kan manyan gine-ginen nan ne masu faɗin gindi da tsinin kai, waɗanda Turawa ke kira "pyramid". Niyyata in jera su bisa girma, na da da na zamani, tun daga na Fir'auna Khufu da ke Giza a ƙasar Masar, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 146 lokacin da aka gama shi, har zuwa na gilashi da aka kafa a farfajiyar gidan tarihi na Louvre a Faransa a 1989, wanda bai cika mita 22 ba. A rubutun farko na sa "dala", sai wanda ke duba mini rubutu ya karanta "manyan dalolin duniya", ya ɗago kai ya tambaye ni ko na koma shirin kasuwar canji ne. Ina neman kalmar da ɗan shekara goma zai ji ya gane, wadda kuma za ta zauna a rubuce, domin ana buga rubutun shirin a shafinmu bayan an watsa shi.

Tsohon mai fassara, Obalende:
Wa alaikumus salam. Malama, kada ki saki "dala", domin da tsohuwar zuma ake magani. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan siffa, tun zamanin da ake jera buhunan gyaɗa a Kano, kowane sahu ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, har a kai ga ƙoli, ana jiran jirgin ƙasa ya kwaso su zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa da muke kusa da ita a yau. Ba wanda ya kira su da wani suna sai dalar gyaɗa, kuma da aka tara buhunan shinkafa a Abuja a watan Janairu na 2022, "dalar shinkafa" kowa ya ce ba tare da an yi zama a kai ba. A baki ma babu rikici, domin ta gyaɗa ana jan wasalin farko, ta kuɗi kuwa a gajarce take fita. Matsalarki jam'i ce kawai, kuma maganinta ki ce "gine-ginen dala".

Malamin Larabci, Idi-Araba:
Da ni ne, da na koma ga masu abu. Mutanen Masar suna kiran ginin "haram", jam'insa "ahram", har babbar jaridarsu ma sunanta ke nan, Al-Ahram. Mun karɓi alƙalami da littafi da hasumiya daga Larabci, ban ga dalilin da zai sa wannan ta gagare mu ba.

Ɗan kasuwa, Mile 12:
Allah ya gafarta Malam, a Larabci harufan sun bambanta, amma a bakin Bahaushe da rubutun boko kalma ɗaya ce da haramun. Yaron da ya ji an ce "haram mafi girma a duniya yana Masar" zai koma gida ya tambayi uwarsa wane zunubi ne mutanen can suka aikata. Sai dai ina tuna wa Baba na Obalende cewa abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram da ke nan kasuwa, idan suka ce dala, tamma biyar ta sefa suke nufi, kuma 'ya'yansu suna sauraren wannan shiri.

Basakkwace, Alaba Rago:
Ni ban yarda da ko ɗaya ba. "Dala" sunan dutse ne a cikin birnin Kano, kuma tarihin Kano da kansa ya ce sunan wani mutum ne da ya zauna a kan dutsen, kakan Barbushe. Yaya za a ɗauki sunan dutsen gari ɗaya a ɗora wa ginin da ya girme garin da dubban shekaru? Wannan shi ne halin da muka daɗe muna kuka da shi: duk abin da Bakano ya furta sai ya zama daidaitacciyar Hausa, saura kuwa a ce karin harshe ne. Muna da kalma tsarkakakkiya wadda ba aro ba ce, ba kuma ta wani gari ba, wato "tsororuwa". A ce tsororuwar Khufu, tsororuwar Khafre. Abin da ido ke fara kamawa a ginin shi ne yadda gefunansa huɗu suka tafi suka haɗu a tsini ɗaya, kuma kalmar ta faɗi hakan ba tare da bayani ba. Na shekara ina amfani da ita wajen koya wa 'ya'yana, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Injiniya, Apapa:
Alhaji, da a ce darasin a kan Giza kaɗai yake, da na bi bayanka, amma Malama kwatanci za ta yi, kuma a nan ne tsororuwa take faɗuwa. Girma iri uku ne a wannan magana: akwai tsayi, akwai faɗin gindi, akwai kuma yawan abin da aka tara aka yi ginin. A tsayi, cikin na da, na Khufu ne a gaba, ko da yake ya rasa ƙolinsa har ya dawo kimanin mita 138, sai na ɗansa Khafre mai kimanin mita 136, sai jan nan na Sneferu, mahaifin Khufu, da ke Dahshur mai kimanin mita 105. Amma a faɗin gindi da yawan tari, wanda ke Cholula a ƙasar Meksiko ya shige su duka. Kowane gefe na gindin Khufu kimanin mita 230 ne, na Cholula kuwa ya kai mita 400 ko fiye, alhali tsayinsa bai kai mita 70 ba. Da tubalin laka aka yi shi, hawa bisa hawa, samansa a shimfiɗe yake, ciyawa da itatuwa sun rufe shi, har Sifaniyawa suka gina coci a kansa. To, ginin da ya fi kowane girma a jerin ba shi da tsororuwa ko kaɗan. Haka wanda ake kira na Rana da ke Teotihuacan a Meksikon, haka ma na Fir'auna Djoser da ke Saƙƙara mai hawa shida, wanda ya girme na Khufu. Bayan wannan, tsororuwa sunan ƙolin abu ne kawai, kiran ginin duka da ita kamar a kira raƙumi tozo ne. Abin da ya ƙara ja ni ga "dala" shi ne, mutanen Cholula da harshensu na Nahuwatil sun kira nasu da sunan da ke nufin dutsen da hannu ya yi, wato irin tunanin da Bahaushe ya yi da ya dubi tarin buhuna ya tuna dutse.

Basakkwace, Alaba Rago:
Injiniya, in babu tsini a kan na Meksiko, ai sai a cire shi daga jerin, a kira shi tudu ko tsibi, tunda abin da yake ke nan. Ba za mu lanƙwasa harshenmu don Turawa sun haɗa abubuwa biyu a suna ɗaya ba. Kuma ina lura da cewa masu kare "dala" a nan yawancinsu sun daɗe a Kurmi, wasu ma a nan aka haife su, Hausarsu ta rediyo ce da ta kasuwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mai shirin yara, Agege:
Baba Alhaji, ni a Agege aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kuma Hausawa sun kafa zango a wannan unguwa tun kafin a haifi duk wanda ke cikin wannan zaure. Yaran da nake wa shiri irina ne, suna jin Yarbanci a layi, Turanci a makaranta, Hausa a gida, kuma saboda su nake neman kalmar. Na gwada "tsororuwa" jiya da dare a kan yara biyar na gidanmu, ba wanda ya san ta. Da na ce "dala", biyu sun ce kuɗi, uku sun ce irin ta gyaɗa da ke cikin littafin makaranta. Ba zan iya cire na Cholula ba, domin shi ne abin mamakin darasin gaba ɗaya.

Bakatsine, Ojota:
Alhaji, mu Katsinawa ba mu saba ba Kanawa gaskiya ba, amma a wannan karon sun rigaye mu, tunda a garinsu aka tara buhunan. Ni damuwata na zamani ne. Otal ɗin Luxor da aka buɗe a Las Vegas a 1993, mai hawa 30 da tsayin kimanin mita 107, da ginin da aka gama a Memphis ta Amurka a 1991 mai mita 98, waɗannan siffarsu ta Giza ce sak, a kira su dala ba laifi. Amma ginin Transamerica na San Francisco mai mita 260, da otal ɗin Ryugyong na Koriya ta Arewa mai hawa 105 da mita 330, dogaye ne sirara idan aka gwada da gindinsu. Idan Malama ta sa su a jeri ɗaya, yaro zai ɗauka an fi Khufu ninki biyu, alhali ginin zamani ɗakuna ne da iska a cikinsa, na Khufu kuwa duwatsu ne kimanin miliyan 2.3 a jibge, sai 'yan ɗakuna da hanyoyi ƙalilan. Waɗannan biyun a ce musu "hasumiya mai siffar dala".

Tsohon mai fassara, Obalende:
Na karɓi wannan. Ga Alhaji kuma, kalmarka tana da gurbi a cikin shirin: a ce dalar Khufu ta rasa tsororuwarta, a ce ta Cholula dala ce marar tsororuwa. Ta haka yaran Agege za su koyi kalmar a inda ta dace, su riƙe ta.

Malamin Larabci, Idi-Araba:
Na janye "haram", amma ina roƙon a faɗa wa yaran sau ɗaya cewa haka masu ƙasar ke kiran ginin, domin wanda zai je karatu Alƙahira wata rana.

Mai shirin yara, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da zan naɗa shi ne "ginin dala" a tilo, "gine-ginen dala" a jam'i, in fara da dalar gyaɗa domin su ga siffar a zuci, in ware masu hawa-hawa da masu tsororuwa, dogayen nan biyu kuma su zo a ƙarshe a matsayin hasumiya. Saura abu ɗaya da ban samu ba: ma'aunin yawan tari. Ina so in ce na Khufu kimanin miliyan biyu da rabi ne, na Cholula ya haura miliyan uku, amma miliyan na me? "Murabba'in mita" na fili ne, ba na tari ba.

Injiniya, Apapa:
Mu a wurin aiki "kubik mita" muke cewa, har da masu kawo mana yashi. Ga yara, ki ce su ƙaddara akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi, sannan ki ƙirga da akwatin.

Basakkwace, Alaba Rago:
Ku naɗa abin da kuka ga dama tunda lokaci ya ƙure, amma ban sauka daga ra'ayina ba, a gidana tsororuwa ce. "Kubik" ɗin nan kuwa ba za ta wuce ta gabana ba. Ku ba ni zuwa Laraba da dare, akwai wata kalma ta masu awon hatsi da nake so in tabbatar da ita wajen wani dattijo kafin in kawo.