Neman kalmar Hausa: me za mu kira cartouche na tsofaffin taswirori?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu hidimar harshe. Na buɗe wannan zare ne saboda kalma guda da ta tsaye mini a lokacin da nake shirya wa ɗalibai bayani da Hausa a kan taswirar Afirka da mai zana taswira Abraham Ortelius ya buga a birnin Antwerp (Belgium ta yau) a 1570, cikin kundinsa mai taswirori 53. Kusan duk abin da ke jikin takardar na samar masa suna ba tare da wahala ba, tun daga duwatsun da aka jera kamar shuri, har zuwa koguna da tafkuna da jiragen ruwa masu tafiya da iska. Abin da ya gagare ni yana can ƙasa ta hannun hagu, a tsakiyar teku. Wuri ne da aka kewaye da ado mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar tsagin fata da aka nannaɗe, da surar mata biyu a gefensa, a ciki kuma aka rubuta da Latin cewa wannan sabuwar taswirar Afirka ce, an buga ta a Antwerp a 1570. Masana taswira suna kiran wannan wuri cartouche. An riga an kawo mini shawarwari: wani malami ya ce tambari, wata Hajiya ta ce akwatin bayani, an kuma ambaci hatimi da kanu da dagi, duka zan amsa su a nan.

Wani zai ce ado ne kawai, bai kai a ɓata lokaci a kansa ba. Ni kuwa ina ganin duk mai son ya karanta sunayen garuruwanmu a waɗannan takardu, daga nan ya kamata ya fara. A taswirorin Afirka na ƙarni na 16 da na 17 mai karatu zai ci karo da Cano da Casena da Zegzeg da Zanfara da Guber, wato Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Waɗanda suka sassaƙa sunayen nan a farantin jan ƙarfe da ake buga taswira da shi ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba. Sun ɗauko su ne daga bayanin Hasan al-Wazzan, mutumin Fas da Turawa suka sani da Leo Africanus, wanda ya rubuta labarin Afirka da Italiyanci a Roma, aka buga shi a Venice a 1550. Shi ya sa Kano ta fito da harafin C, domin haka rubutun Italiyanci yake kama wannan sauti. Tare da sunayen suka kwaso kuskurensa na cewa kogin Kwara yamma yake gudu, suka ja shi har cikin tekun Atlantika ta wajen Senegal. Ɗalibin da ya ga wannan dole ya tambaya wane ne ya zana, a wane gari, a wace shekara, kuma daga wa ya kwafa. Amsoshin tambayoyi ukun farko galibi suna cikin irin wancan wuri mai ado, daga su ne kuma ake bin sawun ta huɗun.

Akwai kuma hattara da ake koya wa mai karatu a daidai nan. Farantin jan ƙarfe abu ne mai tsada, ana ta bugu da shi shekara da shekaru, ana gadonsa, ana kuma sayar da shi. An ci gaba da fitar da kundin Ortelius har 1612, kuma Jodocus Hondius na Amsterdam ya sayi farantan mashahurin mai zana taswira Mercator a 1604 ya sake fitar da su a 1606. Saboda haka shekarar da aka rubuta a wurin sau da yawa shekarar sassaƙa ce, ba shekarar da takardar hannunka ta fito daga maɗaba'a ba, kuma sabon mai faranti yakan goge sunan na farko ya sa nasa. Abin da za a yi ta ambatonsa haka a darasi ba zai yiwu a bar shi ba suna ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce aro, a ce katush a wuce. Na ƙi ta ne saboda 'yan'uwanmu na Nijar. Kalmar ta Faransanci ce, asalinta daga Italiyanci inda take nufin naɗaɗɗiyar takarda, kuma a Faransancin yau harufan nan guda suna ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Idan kalmar namiji ce, wannan adon ake nufi, idan kuwa mace ce, harsashi ne ko kwanson tawadar na'urar buga takarda. Mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya ji katush, tunaninsa ba zai je kan taswira ba. Kalmar da za ta rikita ɓangare guda na masu magana da harshe ba ta cancanci shiga littafin makaranta ba.

Allah ya gafarta Malam, na ga shawararka ta tambari, na kuma daɗe ina juya ta, domin ita ce ta fara zuwa mini ni ma. Inda na rabu da ita shi ne, tambari na mai shi ne, kamanninsa ɗaya ne a duk inda aka buga shi, da haka ake gane shi. Wannan abin kuwa kowace taswira da irin nata, ko da mutum ɗaya ne ya yi su duka. Bayan haka, sau da yawa a samansa ake ɗora tambarin sarki ko na attajirin da aka sadaukar wa aikin, to idan muka kira gidan da sunan baƙon da ke cikinsa, da me za mu kira baƙon? Wannan hujja ita ce ta kayar da hatimi ma.

Hajiya, akwatin bayani da kika kawo kalma ce mai kyau, sai dai ina roƙon a ajiye ta ga wurin da ake fassara alamomi, inda ake cewa ɗigo kaza gari ne, layi kaza iyaka ce. Wannan ma yana jiran suna, kuma naki ya dace da shi sosai. Kanu bai yi ba, don abin ba a kai yake zama ba, duk inda fili ya samu nan ake dasa shi, cikin teku ko a yankin da mai zane ba shi da abin rubutawa. Dagi kuwa sunan nau'in zane guda ne.

Abin da nake gabatarwa shi ne zayyana. Duk wanda ya halarci saukar karatu ya san allon zayyana, ya ga yadda mai zayyana yake barin fili a tsakiya don rubutu, ya kewaye shi da zane mai saƙe-saƙe da ja da rawaya da kore, ta yadda ido zai bi adon ya sauka a kan kalmomin. Tsarin ke nan da mai sassaƙa na Antwerp ya bi, rubutu kaɗan mai muhimmanci a ciki, ado a kewaye yana yi masa rakiya. Abin da ya ƙara ja na shi ne kalmar tana da fuska ta biyu a bakinmu, domin idan aka ce mutum ya zayyana dalilansa, ana nufin ya jero su filla-filla. Wurin nan kuma aikinsa biyu ne daidai da haka, yana ƙawata takarda, yana kuma jero sunan ƙasa da na mai zane da na gari da shekara. Da wuya a samu wata kalma da ta haɗa ayyukan biyu ba tare da an tilasta mata ba.

An yi mini gyara guda biyu, kuma dukansu suna da nauyi. Na farko daga wani malamin allo ne, wanda ya ce zayyana ta saba zama kusa da Alƙur'ani, alhali adon Turawa cike yake da surorin mutane, wasu ba sutura, wasu ma zane ne na wulaƙanta baƙar fata, musamman a taswirorin gaɓar yammacin Afirka na zamanin cinikin bayi. Gaskiya ne, Malam, kuma ba zan ɓoye wa ɗalibai waɗannan surori ba, domin su ma shaida ce ta yadda aka kalle mu. Amma allon ne na karatu, kalmar zayyana kanta ta daɗe da fita zuwa bangon gida da tufafi da tsarin gini, ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin rashin ladabi. Sharaɗin da na karɓa daga gare ka shi ne kada a taɓa cewa allon zayyana a wannan fage.

Gyara na biyu shi ne ya canza mini ra'ayi. Da farko zayyanar taswira na so a ce, sai wani ɗan'uwa mai aikin safiyo ya nuna mini cewa mai karatu zai fahimci hakan a matsayin sana'ar zana taswira gaba ɗaya. Ya yi daidai. Don haka na koma ga zayyanar take, tunda take shi ne sunan da muke bai wa littafi ko taro, shi ne kuma kiɗan da ake yi wa mai sarauta don a san shi ne ke tafe, abin da ya yi kama da kirarin da masu taswira kan rubuta wa iyayen gidansu a wannan wuri. Wannan tsarin suna yana kuma karɓar sauran nau'o'in, domin taswira guda takan ɗauki biyu ko uku, sai a ce zayyanar ma'auni ga wadda ta kewaye ma'aunin nisa, a ce zayyanar sadaukarwa ga wadda ta ɗauki sunan sarki ko attajiri.

Iyakar kalmar ita ma a sani. Taswirar Afirka ta Willem Blaeu, ta Amsterdam a ƙarni na 17, tana da jerin hotunan garuruwa a samanta, cikinsu har da Alƙahira da Tunis da Elmina ta Ghana ta yau, da kuma surorin mutane cikin tufafinsu a gefe biyu. Waɗannan adon gefe ne, ba su shiga cikin abin da muke magana a kai ba.

Idan ba a samu wanda ya kawo hujjar da ta fi wannan ba, ga jimlar da zan sa a darasin: "Kafin ka nemi Cano da Casena, duba zayyanar take ka ga wanda ya zana taswirar, da garin da aka buga ta, da shekarar da aka sassaƙa farantinta." Ina roƙon malaman Nijar da na Ghana su karanta ta da babbar murya, su faɗa mini ko ta zauna a kunnensu.