Adireshin soket: burauza ce za ta gano shi, ko mu ne za mu rubuta da hannu?

Nura: Jama'a, ga maganata, kuma ina kanta. Kuskure ne mutum ya rubuta `ws://localhost:3000` da hannu a saitin aikinsa a matsayin adireshin soket (WebSocket), wato layin da ke zama a buɗe tsakanin burauza da sabar. Adireshi ɗaya kaɗai muke da tabbacin burauza tana iya kaiwa, wato wanda ta buɗe shafin da shi. Ita sabar ba ta san ta inda aka biyo aka iso gare ta ba. Ka tayar da aiki a Docker (manhajar da ke tafiyar da aiki cikin keɓaɓɓen akwati) da `-p 8080:3000`, sabar tana ɗauka tana ƙofa (port) ta 3000, burauza kuwa 8080 ta sani. Shafi zai buɗu lafiya lau, amma soket ɗin da ke sabunta shi duk lokacin da ka yi gyara sai ya nufi 3000, ya tarar ba kowa. Shi ya sa na yaba wa webpack-dev-server (sabar gwajin aiki) na 4, wanda ya fito a 2021, da ya ba da damar rubuta `auto://0.0.0.0:0/ws`. Da `auto` ake zaɓar ws ko wss (mai tsaro) gwargwadon shafin, sifilai huɗun nan a maye su da sunan da ke saman burauza, sifilin ƙarshe kuma da ƙofar shafin. Haka ya kamata kowane kayan aiki ya yi.

Hajara: Malam Nura, "kowane" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Wanda ke gina ɓangaren sabar da Laravel ko Django fa? Shafinsa yana fitowa daga 8000, Vite, wata sabar gwaji irin webpack-dev-server, kuma yana zaune a 5173. In ka ce a bi adireshin shafi, soket zai je ya ƙwanƙwasa wa Django ƙofa, shi kuwa bai san da zancen ba. Vite bai bi shafi ba. Yana duba inda aka ɗauko fayil ɗinsa na cikin burauza ne, ta `import.meta.url`, ya ciro suna da ƙofa daga can.

Nura: Ai wannan ma ganowa ce, Malama. Ba a rubuta da hannu ba.

Hajara: Ganowa ce, amma ba daga shafi ba, kuma kai shafi ka ce. Yanzu adireshi ya zama uku ke nan: na shafi, na fayil, da wanda sabar ke saurare a kai. Ranar da suka saɓa wa juna, dole wani ya faɗa wa kayan aikin wanne ne daidai. Ba don ado aka ajiye `server.hmr.clientPort` ba. In ka ware wa soket ƙofarsa daban, sannan nginx, mai shiga tsakanin burauza da sabar, ya tsaya a gaba da https, sai ka rubuta 443 da hannunka.

Malam Bashir: Ku yi haƙuri in sa baki. Da yawa daga ƙorafin da ake kawo mini, adireshin daidai yake, matsalar tana wurin mai shiga tsakani. Soket yana farawa ne a matsayin buƙatar HTTP ta yau da kullum, ɗauke da roƙon a sauya yarjejeniya, sabar ta amsa da 101. Haka ƙa'idar take tun RFC 6455 ta 2011. To nginx ba ya wuce da wannan roƙon da kansa. Sai ka sa masa `proxy_http_version 1.1`, ka kuma tura `Upgrade` da `Connection`. In ba ka yi ba, ka canza adireshi har gari ya waye, ba abin da zai haɗu. Yara na zuwa sun cika saiti da lambobin ƙofa, alhali layi uku ne suka rage a nginx.

Aminu: Malam, ni nawa daban ne. Ina gwada aikina a waya, na haɗa ta da kwamfuta a kan wayfai ɗaya. Na buɗe `192.168.43.12:3000`, shafi ya fito, amma in na yi gyara ba ya sabuntawa. Wani ya ce in sa `allowedHosts: 'all'`, na sa, har yanzu shiru.

Nura: Ga hujjata ta zo da ƙafarta. Ina kyautata zaton wani ya rubuta `localhost` a saitin soket ɗinka. A wurin wayar, `localhost` ita kanta ce, ba kwamfutarka ba. In da Create React App aka gina aikin, duba fayil ɗin saiti na `.env` ka ga ko akwai `WDS_SOCKET_HOST`.

Hajara: Aminu, don Allah kafin komai cire wannan `all` ɗin yanzu. Wannan abin yana tayar mini da hankali, don na ga yadda ake ta miƙa wa masu koyo shi kamar maganin kowace cuta. Burauza ba ta hana wani shafi buɗe soket zuwa kwamfutarka yadda take hana shi karanta amsar buƙatu na yau da kullum. Sabar ce za ta duba daga ina roƙon ya fito. A 2018 an gano webpack-dev-server ba ya wannan binciken a soket ɗinsa, ta yadda wani shafi da ka ziyarta zai iya sauraro ya kwashi rubutun manhajar (code) aikinka. Vite ma a Janairun 2025 ya ƙara `server.allowedHosts` saboda irin wannan hatsarin. Kuma kai ba ka ma buƙatarsa, domin adireshin lambobi irin naka a buɗe yake tun asali. Sai in kana amfani da suna, kamar na ngrok, mai ba aikinka adireshi a intanet, sannan ka rubuta wannan sunan shi kaɗai.

Malam Bashir: Ta faɗi gaskiya. Wanda aikin kamfani ke kan kwamfutarsa, amana ce a hannunsa.

Nura: A kan tsaro ba mu da saɓani. Amma ina nan a kan cewa ganowa ce asali, rubutun hannu kuma sai da dalilin da mutum zai iya bayyanawa. Yawancin lambobin da nake gani a saitin mutane kwafo su aka yi, mai su bai san me suke yi ba.

Hajara: Da haka ka faɗa tun farko da ban ja da kai sosai ba, ko da yake har yanzu ba ka amsa mini wanne za a gano ba, na shafi ko na fayil. Aminu, buɗe wannan adireshin na 192 a Chrome na kwamfutarka, ka danna F12, ka shiga Network, ka tace soket kaɗai. Turo mana adireshin da ya nema da lambar da aka amsa masa. In `localhost` ka gani, maganar Malam Nura ce. In adireshin daidai ne amma babu 101, sai mu koma kan abin da ke tsakani.