Neman taimako: kakana ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina neman labarin kakana, wanda ya haifi mahaifiyata, abin ya gagare ni.

Daga Zariya aka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Hitila. Dattawan gidanmu sun ce yana cikin waɗanda aka kai Indiya a jirgin ruwa a 1943, wato runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma da ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a ƙasar Bama (Myanmar). Abokan tafiyarsa sun dawo, shi ko takardar rasuwa ba a kawo ba. Hotonsa ɗaya ne ya rage mana, yana sanye da jar dara, Inna ta adana shi a ƙasan adaka. Akwai lambar soja a bayansa, amma ruwa ya cinye rabinta.

Na duba shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. Matsalar ita ce Turawa kan rubuta soja da sunan garinsa, sai na tarar da masu irin sunansa da yawa, na rasa wanne ne namu.

Shin rajistar ɗaukar sojojin tana gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ko sai na Kew a Ingila? Rabin lamba zai isa a gano mutum? Inna ta haura tamanin, kullum tambayarta ke nan, ina aka binne Baba. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini.